Neman Gurbi A Ƙungiyar Golf Ta Makaranta: Kati Ne Alƙali

A makonnin farko na watan Agusta, tun ba a koma aji ba, da sassafe akan ga yara 'yan shekara 14 zuwa 18 suna taruwa a bakin filayen wasan golf na garuruwa da yawa a ƙasar Amurka, kowa saɓe da jakar sanduna. Gwaji ne ya tara su, na zaɓen waɗanda za su wakilci makarantunsu na sakandare a kakar wasa mai zuwa. Malamin wasanni yakan tsaya da takarda a hannu, ya raba su uku-uku ko huɗu-huɗu, ya miƙa wa kowa ɗan kati da guntun fensir, sa'an nan ya sallame su cikin fili. Bayan kwana biyu ko uku ana haka sai a tara lissafi. Waɗanda adadinsu ya fi ƙanƙanta su ne suka sami gurbi, sauran kuwa sai su koma gida su jira baɗi. A jihohin da ke yin wasan a ƙarshen shekarar karatu, wajen watan Fabrairu ko Maris ake yin wannan gwaji, amma tsarin kusan ɗaya ne.

Ɗalibin da ya taɓa neman shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarsu ya san yadda abin yake: malami ya duba gudu, ya duba ƙira, ya zaɓi wanda idonsa ya kwanta da shi, kuma ba a rasa gunaguni daga baya. A golf kuwa, da wuya a yi wannan gardama. Abin da ke rubuce a kati shi ne hujja, kuma yaran da kansu ne suke rubuta shi, a wurin da malami bai gani ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mai sha'awar fara wasan ya fahimta tun kafin ya kama sanda, domin daga nan ne sauran shirin duka yake fitowa.

Yadda Wasan Yake

Golf, wanda wasu kan kira ƙwallon lambu, wasa ne na kora 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda daga mafari har ta faɗa cikin wani ɗan rami mai faɗin inci 4 da kwata. Cikakken fili yana da ramuka 18. Tsakanin mafari da rami akwai tazarar da takan kama daga yadi 100 da 'yan kai har ta haura yadi 500, kuma a hanya akwai doguwar ciyawa, da itatuwa, da kwarin rairayi, wani lokaci har da kududdufi. Duk bugu ɗaya ana ƙirga shi. Kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙiyasta gwani zai yi, 3 ko 4 ko 5, gwargwadon nisansa. Wannan adadi shi ne ƙa'idar ramin. In aka haɗa na ramuka 18, galibi yakan ba da 72, na ramuka 9 kuwa 36.

Wasan ya samo asali ne daga ƙasar Sikotlan. Tun a 1457 Sarki James na Biyu ya haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, wai suna shagaltar da samari daga koyon harbi da baka. Dokokinsa na farko da aka rubuta, guda 13, a Leith kusa da Edinbura aka tsara su a 1744, kuma a 1764 filin St Andrews ya rage ramukansa daga 22 zuwa 18, abin da duniya ta bi daga baya.

A makarantun Amurka, karawa tsakanin makarantu biyu sau da yawa ramuka 9 ne kawai, saboda bayan an tashi daga aji ake yin ta, kuma takan ci sa'a biyu ko fiye. Kowace makaranta takan fito da 'yan wasa biyar ko shida, a ɗauki lissafin huɗun da suka fi kyau a haɗa. Makarantu da yawa suna da ƙungiya biyu, ta manya da ta masu tasowa. Sabon shiga ta biyun yake hari, in yana da hankali. 'Yan mata ma suna da tasu, musamman tun bayan dokar tarayya ta 1972 da ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati.

Wata Uku Kafin Gwaji

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 14 wanda bai taɓa riƙe sanda ba, ga shi saura wata uku a yi gwaji. Daga ina zai fara?

Kuskure na farko a kanti ake yin sa. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda har 14, sai sabon shiga ya ɗauka lalle sai ya mallaki 14 ɗin, sababbi ful, kafin ya iya wasa. Alhali kuwa biyar ko shida na hannu sun ishe shi shekara guda: doguwa ɗaya ta bugun nesa, na ƙarfe biyu ko uku, ɗaya mai kwantaccen baki ta ɗaga ƙwallo sama, da kuma ta mirginawa cikin rami. Abin lura kawai shi ne tsawonsu ya dace da tsawon yaron. Sandar uba in ta yi wa ɗa tsawo da nauyi, takan koya masa karkataccen bugu wanda zai daɗe yana fama da shi. Ƙwallaye kuwa tsofaffi ya kamata ya saya, don zai ɓatar da su da yawa.

Kuɗin da aka rage daga kanti, gara a kai su wajen mai koyarwa, ko da darasi uku ne ko huɗu. Abin da zai fara nuna wa yaron ba zai burge shi ba: yadda ake riƙe sanda, da yadda ake tsayuwa, da yadda ake fuskantar inda ake so ƙwallo ta je. Ben Hogan, ɗaya daga cikin manyan gwanayen wasan, da ya fitar da littafinsa na darussa biyar a 1957, darasin farko kacokan a kan riƙo ya yi shi. Dalili kuwa shi ne, hannu kaɗai ke taɓa sanda, kuma in bakinta ya karkata ko da kaɗan ne a lokacin da ya sami ƙwallo, kafin ta yi yadi 150 ta riga ta shiga daji. Masu koyarwa sukan fara da sandar ƙarfe mai lamba 7, da rabin lilo, har sai yaro ya saba dukan ƙwallo da tsakiyar baki.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada, kuma manya ma ba su tsira daga gare shi ba. Duk wanda ya je filin atisaye zai tarar da mutane jere suna ta zabga ƙwallo da doguwar sanda, kowa na son ya ga tasa ta fi nisa. Ɗan dandamalin da ake koyon mirginawa kuwa, da ke can gefe, sau da yawa ba kowa a kansa, ga shi kuma a filaye da yawa na jama'a kyauta ne. To, sai a duba lissafi. Ƙa'idar kowane rami ta ware bugu biyu domin mirginawa a kan dandamali. Ke nan a cikin 72 ɗin nan, 36 mirginawa ce, watau rabi cif. Doguwar sanda kuwa da wuya a zare ta fiye da sau 14 a zagaye guda. Mirginawar taku ɗaya da aka kuskure, da bugun yadi 250, duk ɗaya ake rubuta musu a kati. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Bugun nesa yana bukatar shekaru kafin ya nuna. Gajeren wasa na kusa da rami kuwa, yaro mai naci zai iya gyara shi cikin makonni. Saboda haka ne masu koyarwa da yawa suke ba da shawarar a raba lokacin atisaye biyu, aƙalla rabi a bakin dandamali.

Ga wani lissafin kuma da ke bayyana sirrin gwajin. Yara biyu sun fita ramuka 9 masu ƙa'idar 36. Na farko bai cika ƙa'ida ko a rami ɗaya ba, a kowanne ya ɗara da bugu ɗaya. Ya tashi da 45. Na biyu gwanin ban sha'awa ne, ya cika ƙa'ida a ramuka shida, har abokan tafiya suna tafa masa. Amma a sauran ukun, masu ƙa'idar 4, ya jefa ƙwallo ruwa, ya shiga itatuwa ya nemi fita ta ƙaramar kafa, ya yi 8 a kowanne. Ya tashi da 48. Na farkon ne zai shiga ƙungiya. Malamin da zai haɗa lissafin mutum huɗu ya fi bukatar wanda ya san abin da zai kawo masa kullum.

Abin da ke haifar da irin wannan 8 ɗin sananne ne. In ƙwallo ta ɓace, ko ta fita iyakar fili, akwai tarar bugu ɗaya, kuma dole a koma inda aka bugo. Wanda ya ɓatar da bugunsa na farko, in ya sake, na uku yake bugawa, alhali bai matsa ko taku ɗaya ba. Don haka yaron da doguwar sanda ba ta yi masa biyayya, ba abin kunya ba ne ya bar ta a jaka ya fita da ta ƙarfe. In kuma ya shiga itatuwa, ya turo ƙwallo gefe ta dawo fili, ya haƙura da asarar bugu ɗaya.

Bayan wannan duka, dole ya fita fili ya yi wasa na sosai, da ƙafa, da jaka a kafaɗa, yana ƙirga komai. A filin atisaye ƙasa shimfiɗe take, kuma in an kuskure akwai wata ƙwallon a kwando. A fili kuwa guda ɗaya ce, wani lokaci a kan gangare, wani lokaci cikin ciyawa. In filin da za a yi gwajin a buɗe yake ga jama'a, ya kyautu ya zaga shi sau biyu ko uku tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Gwaji

Tun kafin a kai ga fili akwai shingen takardu. Makarantu sukan nemi shaidar likita da izinin iyaye, kuma sukan duba sakamakon jarrabawa. A jihar Tekzas, alal misali, an kafa doka a 1984 wadda ta hana ɗalibin da ya faɗi wani darasi shiga wasannin makaranta na wani lokaci. Yaron da ya yi watsi da lissafi da Turanci don golf zai iya rasa duka biyu.

A fili kuwa, abubuwan da abokai kan yafe wa juna ranar hutu duk sun ƙare. Ba a cewa "sake bugawa, wannan ba a ƙirga ba". In yaro ya kai duka da niyya ya kuskure ƙwallo gaba ɗaya, bugu ne. Ba a ɗauke ƙwallo don ta kusa rami, ko da tazarar yatsa ce. Sai an ji faɗawarta. Wanda ya makara ga lokacin fitarsa, in bai wuce minti 5 ba, tarar bugu biyu ce a dokar wasan, in ya wuce kuwa an fitar da shi. Tun daga gyaran dokoki na 2019, minti 3 kacal aka ba mutum ya nemi ƙwallon da ta ɓace, maimakon 5 na da, kuma in za a saki ƙwallo a sabon wuri, daga tsayin gwiwa ake sakinta. Akwai kuma ladubban da ba tara a kansu amma malami yana lura: yin shiru in wani zai buga, share sawu a kwarin rairayi, da ƙin taka layin da ƙwallon wani za ta bi. Yaron da ya yi jifa da sanda don haushi ya riga ya gaya wa malami abin da kati ba zai gaya masa ba.

Sai batun katin kansa. Ba mutum ne ke riƙe nasa ba. Ana musaya ne, kowa ya rubuta na abokin tafiyarsa. A ƙarshen kowane rami sai ya faɗi adadinsa, a rubuta. In an gama, ya duba rami bayan rami, ya sa hannu. Dokar a nan ba ta da sassauci: wanda ya sa hannu a kan adadin da ya gaza na gaskiya an fitar da shi daga gasa, wanda kuma ya sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya, haka zai zauna.

Ba a taɓa mantawa da abin da ya sami Roberto De Vicenzo, mutumin Ajantina, a gasar Masters ta 1968 ba. Ranar ƙarshe ce, ranar da ya cika shekara 45 da haihuwa. A rami na 17 ya yi bugu 3, dubban mutane na kallo, amma Tommy Aaron, mai riƙe da katinsa, ya rubuta 4. De Vicenzo ya sa hannu bai duba ba. Aka bar masa 66 maimakon 65, kuma da wannan bugu ɗaya da bai yi ba ya rasa damar karawar raba gardama da Bob Goalby, wanda aka ba kambun.

Labarin Bobby Jones kuwa ya fi wannan nauyi ga ɗalibi. A babbar gasar Amurka ta 1925, yana shirin bugu cikin ciyawa sai ƙwallonsa ta ɗan motsa. Jami'ai ba su ga komai ba, shi kaɗai ya tabbata. Ya dage sai an rubuta masa tarar bugu ɗaya. Aka gama gasa ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa, Macfarlane ya ci da bugu ɗaya. Irin wannan jarrabawa ce ke jiran yaro ɗan shekara 14 a bayan itace, inda ba mai ganinsa, ga kuma gurbi ɗaya da ya rage tsakaninsa da abokinsa. Ba kowane yaro ke cin ta ba, kuma kowane malamin golf ya san haka. Sai dai yaran da ke tafiya tare sukan ƙirga wa juna a zuci, kuma wanda aka taɓa kamawa yana mayar da 7 ta zama 6, sunan yakan bi shi har ya bar makarantar.

Wa Ke Da Halin Shiga?

Kati ba ya son kai, gaskiya ne, amma hanyar zuwa wurin katin ba ɗaya ba ce ga kowa. Yaron da ubansa ɗan kulob ne, wanda ya fara tun yana shekara 6, ba daidai yake da wanda ya ari sanduna a watan Mayu ba. Abin da ya rage wannan tazara a Amurka shi ne yawan filaye: akwai kimanin 16,000, kuma wajen kashi uku cikin huɗu a buɗe suke ga duk wanda ya biya kuɗin shiga, da yawa mallakar hukumomin gari ne, masu rangwame ga yara. Tiger Woods ma, wanda ya yi wa makarantar sakandare ta Western a Anaheim ta jihar Kaliforniya wasa, kuma ya ci gasar matasa ta ƙasa sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993, a filin sojan ruwa da filayen jama'a ya taso. A 1997, shekarar da ya ci Masters da ratar bugu 12, aka kafa shirin First Tee domin kai wasan ga yaran da ba su da hali.

Tsohuwar ƙofar talaka kuwa ita ce ɗaukar jaka. Francis Ouimet ɗan talakawa ne da gidansu ke tsallaken titi daga wani kulob na attajirai a Brookline, kusa da Boston, inda ya yi yarinta yana ɗaukar wa manya jaka. A 1913, yana da shekara 20, ya doke gwanayen Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, ya ci babbar gasar Amurka a wannan filin, kuma wanda ya ɗaukar masa jaka yaro ne ɗan shekara 10. Wani tsohon mai ɗaukar jaka, Chick Evans, shi ya assasa asusun da tun 1930 yake biya wa irin waɗannan yara kuɗin jami'a, in sun haɗa ƙwazo a aji da kyawun hali da rashin galihu.

Wannan ƙofa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Turawa ne suka shigo da wasan: filin Rayfield na Jos ya samo asali tun 1913 a zamanin haƙar kuza, kulob ɗin Kaduna kuwa tun 1921. Saboda ƙarancin ruwa, shekara da shekaru filayen Arewa ba ciyawa suke sa wa dandamalin rami ba, rairayi ne gauraye da mai, wanda akan share wa hanya kafin a mirgina ƙwallo. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na ƙasar nan da ɗaukar jaka suka fara, suna kwaikwayon iyayen gidansu da tsohuwar sanda in fili ya yi shiru. Babbar gasar Nijeriya ma ta taɓa jawo manyan baƙi: Lee Elder ya ci ta a 1971, shekara huɗu kafin ya zama baƙar fata na farko da ya buga Masters, Sandy Lyle ya ci a 1978, Vijay Singh kuma a 1988 da 1989. Abin da ba a saba gani ba a nan shi ne ƙungiyar makaranta. Ga filaye a manyan garuruwa, da rana tsakiyar mako ba cunkoso, ga kuma makarantun sakandare ba nisa, amma da wuya a ji shugaban makaranta da shugabannin kulob, waɗanda galibinsu manyan ma'aikata ne da hafsoshi da 'yan kasuwa, sun zauna sun ware wa ɗalibai ko da yammaci ɗaya a mako. Ba gini ake bukata ba, ba kuma kwangila. Watakila shi ya sa ba a cika damuwa da shi ba.

In An Kafe Sunaye

Can a Amurka, bayan kwana na ƙarshe malami yakan kafe sunaye ko ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya. Shiga ƙungiya ma ba hutu ba ne, domin a makarantu da yawa kafin kowace gasa akan sake ɗan gwaji tsakanin 'yan ƙungiyar don a fitar da biyar ɗin da za su tafi. Wanda bai ga sunansa ba kuwa, aƙalla ya san da bugu nawa aka fi shi, kuma in ya ajiye katunansa zai ga a waɗanne ramuka suka zube. Zai iya zuwa ya ce, "Malam, me zan gyara kafin baɗi?" Malamai ba su cika manta yaron da ya yi wannan tambaya ba.

Shekara 14 kuma ba makara ba ce. Larry Nelson bai fara golf ba sai da ya dawo daga yaƙin Biyetnam yana da shekara 21, da littafin Hogan ɗin nan ya koya, ya zo ya ci manyan gasa uku a 1981 da 1983 da 1987. Calvin Peete ya fi shi makara: ɗan tireda ne da ke bin ma'aikatan gona da kaya a mota, ya fara yana da shekara 23, ga hannun hagu da ya karye tun yana yaro bai kuma miƙe daidai ba. Ba ya cikin masu bugun nesa, amma shekara goma a jere, daga 1981 zuwa 1990, ba wanda ya fi shi ajiye ƙwallo a tsakiyar fili cikin ƙwararrun Amurka, ya kuma ci gasa 12. Shi kam bai taɓa neman gurbi a ƙungiyar makaranta ba, don tun kafin ya kai manyan azuzuwan sakandare ya bar karatu. Sai a 1982, yana dab da shekara 40, ya zauna jarrabawar samun takardar sakandare, saboda ba tare da ita ba ba za a sa shi cikin tawagar Amurka da ta kara da Turai a 1983 ba.